Masu Lambu da Akuyar Maƙwabta

A Amurka barewa ce ke hana masu lambu barci, har sukan kafa shinge mai tsayin ƙafa 8 don kada ta tsallake. Mu a nan Allah Ya haɗa mu da akuya, musamman jar nan ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai. Halinta kuwa, sai mai zogale ya ba ka labari. Da bazara, idan ciyawa ta ƙare, ita ke tona halin kowane mai lambu.

Na farko Sarkin Ƙaya. Ya saro magarya da bagaruwa ya kewaye fangali huɗu, ya ƙara da darni, ya lulluɓe da tsohon gidan sauro. Kullum ya shiga ban ruwa da yagaggen wando yake fitowa. Akuya kuwa ta ƙasa take bi, ko ƙwarzane babu.

Sai Mai Mutum-mutumi. Ya kafa itace, ya sa masa tsohuwar riga da malfa. Kwana biyu akuya na kallo daga nesa. A na uku ta cinye alayyafo, ta yi kalaci da malfar, ta kwanta a inuwar rigar tana tuƙa.

Akwai Boka. Shi ya ji cewa akuya ba ta cin ganyen da aka shafa wa kashinta, kuma gaskiya ne. Sai ya jiƙa kashin a tulu, ya zuba barkono da ganyen darbejiya, ya bar shi mako guda, sannan ya yayyafa a lambu. Warin ya kori masu hira daga ƙofar gida. Ruwan farko na sauka ya wanke komai, akuya ta dawo cin wankakken latas.

Mai Gadi ba ya yarda da dabara. Tabarma da gwafa da tarin tsakuwa, tun hantsi. An kira la'asar, ya ce raka'a huɗu ce kawai. Kafin ya sallame, zogale ya koma tsinke.

Mai Ƙara shi ne gwanin zafi. Ya kama ɓarauniya, ya ɗaure ta, ya ja ta har gaban mai unguwa yana rantsuwa sai an biya shi. Aka yi cigiya, ashe ta surukarsa ce. Da kansa ya mayar da ita, har da ƙunshin dusa.

Na ƙarshe Mai Tawakkali. "Rabonta ne," in ji shi, amma yana ƙirga kwanakin sunan gidan maƙwabcin, don ya karɓi bashinsa a cikin miya.

Manoman karkara sun daɗe da gano magani: shingen aguwa ko bini-da-zugu, waɗanda akuya ba ta ci. Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne turke da igiya. Don Allah, maƙwabci, ɗaure akuyarka.