Yadda Ake Sayen Benen Alfarma a Cikin Badala Ba Tare da Hawan Jini Ba

Duk wanda ya taɓa bin dillali a lungunan birnin Kano ya san inda zancen nan ya dosa, don haka ba sai na ce ka tanadi kuɗi ko ka nemi lauya ba. Tun bazara har damina ta sauka ina yawon neman gida, daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Koki zuwa Dandago, saboda tallan sababbin benayen da ake yi: ɗakin sama mai dogon rufi, tayil har bango, tagogin gilashi, kana kwance kana hango Dutsen Dala. Ga abin da na kwaso, ko wani zai huta.

Na ɗaya, tambayi inda mota za ta tsaya. Dillali zai ce maka, "Alhaji, ai a bakin titi yake." Za ku ajiye mota, ku shiga lungu, lungun ya haifi wani, ku tsallake kwata, ku manne da bango mai kurar ruwa ya wuce, sannan a nuna maka gida mai gareji da ƙaton get. Ta ina motar za ta zo? Kujerun falo ma sai an roƙi arzikin maƙwabci an jawo su da igiya ta kan katangarsa. Lungun ba shi da laifi. Tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka soma ganuwar nan, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma don mai ƙafa da mai jaki aka bar hanyoyin. Mai laifi shi ne wanda ya gina gareji a inda ko Adaidaita Sahu ba ta iya juyawa.

Na biyu, ƙirga dillalai tun daga bakin titi. Da ɗaya za ka fara, kafin ku isa ƙofar gida sun zama ayari: wannan shi ya san mai makulli, wancan shi ya san wanda ya san mai gida. Kowa na jiran kuɗin mai yau, la'ada gobe. Ku yanke maganar la'ada a gaban shaidu kafin a buɗe ƙofa.

Na uku, takarda. A nan ne hawan jinin yake. Kusan duk gidan da ke cikin gari gidan gado ne, kuma benen da kake sha'awa a kan wani tsohon gida aka ɗora shi. Za a nuna maka magada uku masu fara'a, su ce kowa ya yarda. Ka ba da kafin alƙalami, ka fara auna labule, sai a tuna da wani yaya da ke Jidda, da wani ƙane da ya yi nisa a Kwatano, da gwaggo da ke aure a Maraɗi wadda ba wanda ya gaya wa an rushe ɗakin mahaifiyarta. Ga tumunin takaba da ba a fitar ba tun rasuwar kaka. Gwaggon nan idan ta iso ba kuɗi za ta fara nema ba, zama za ta yi a ƙofar gida ta kira sunan duk wanda aka haifa a ciki, unguwa ta taru, kai kuma kana tsaye da rasit a hannu. Kuma ita ce da gaskiya. Saboda haka ka fara da mai unguwa da dagaci, ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ka ga sa hannun kowane magaji da idonka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, don haka ka bincika takardar shaidar mallaka a hukumar filaye ta KANGIS, ka kuma nemi izinin ginin da hukumar tsara birane ta KNUPDA ta bayar.

Na huɗu, murɗa famfo. Duk ƙyallin banɗakin nan, idan iska ce ta fito, to kai da ɗan garuwa kun zama dangi, kuma kowane hawa da nasa farashin jarka. Ka kuma tambayi tsofaffin unguwa abin da ke wurin a da. In suka ce kududdufi ne aka cike da bola, ka sa takalminka. Daga kududdufan nan aka haƙi ƙasar ginin birni, cikinsu kuma ruwan sama ke taruwa, kuma duk Agusta sai ya dawo neman mazauninsa.

Na biyar ne ko na shida, taga. Gilashin da aka tsawwala maka kuɗi saboda shi, tsakar gidan mutane yake kallo, inda mata ke girki da wanki da kitso. Ba za ka yi sati ba dattawa za su yi sallama bayan Isha'i, cikin ladabi su roƙi ka toshe. Ka toshe. Da tsakar gidanka ce, kai ma abin da za ka roƙa ke nan.

Bari in ajiye lissafin nan, raina ya ɓaci. A watan Afrilu, da tsakar rana, aka hau da ni ɗaya daga cikin benayen, an ɗauke wuta, bulo da kwano sun sha rana, ɗakin ya koma kamar tanderun gurasar Jakara. Dillali yana share gumi yana cewa in dubi fitilun silin. Da muka sauko na shiga zauren da ke jikinsa don in gaida wani dattijo. Bangon tubali ne mai kauri, rufin azara, an yi masa ɗaurin guga, ga randa a gefe da moɗa a kai. Gumin jikina ya bushe kafin mu gama gaisawa. Baban ya ce shi ma an taya nasa, 'ya'yansa suna so a sallama. Wannan fa shi ne ginin da magina suka ƙware a kai shekaru aru-aru: makuba a shafe, katsin marina irin ta Ƙofar Mata a hana ruwa shiga, indararo ya zubar, zankwaye a saman soro. Shi muke rushewa mu kafa akwatin da ba ya zaunuwa sai da janareto. Ita kanta badala, wadda ke jerin jiran shiga wuraren tarihi na UNESCO tun 2007, ana ta gutsurarta ana kafa shaguna. Idan sorayen suka ƙare, wane tarihi mai bene zai riƙa hangowa daga tagarsa?

Ga shawarar da ta rage. In Allah ya hore maka kuma cikin gari kake so, sayi tsohon soro, ka kira magina su gyara, ka sa banɗaki na zamani da sola, ka riƙa yaɓe kafin damina, ka fito sallar jam'i a san fuskarka. In kuwa gareji da gilashi ne burinka, ga Nassarawa da Bompai nan da tituna masu faɗi. Ka je can lafiya, ka bar wa birni sorayensa.