Jam'iyyar Akwati da Jam'iyyar Kwamfuta

Masu wasan bidiyo, wato mutanen da suka mayar da latse-latse a gaban allo aikin yini wanda ba a biyan albashi, sun kasu jam'iyyu biyu da ba sa ga maciji da juna. Ta farko ita ce jam'iyyar akwati, kuma abin nufi da akwati shi ne na'urar da aka ƙera domin wasa kaɗai, irin PlayStation ta kamfanin Sony ko Xbox ta Microsoft, wadda ake jona wa talabijin. Ta biyu ita ce jam'iyyar kwamfuta, wadda 'ya'yanta ke yi wa 'yan akwati irin kallon da mai digiri ke yi wa ɗan aji ɗaya.

Rayuwar akwati tana tafiya ne bisa abin da ake kira zamani, wato shekarun da na'ura ɗaya ke yi a kan gadon sarauta kafin a naɗa magajiyarta. PlayStation ta farko ta fito a Japan a 1994, ta biyu a 2000, ta uku a 2006, ta huɗu a 2013, ta biyar kuma a Nuwambar 2020 a kan dala 499, ke nan kowace shekara shida ko bakwai ana tuɓe rawani. Abin da ya cancanci nazari shi ne yadda tsufa ke auka wa akwati cikin dare ɗaya. Na'urar da jiya mai ita ke lulluɓewa da ɗankwalin uwar ɗakinsa saboda ƙurar hunturu, yana kuma zare wa ƙannensa ido in sun kusance ta, ranar da aka sanar da sabuwa sai ya gano cewa hotonta dishi-dishi ne, fankarta kuma tana ƙugi kamar injin markaɗe, alhali ba abin da ya same ta illa labarin da ya shiga kunnen maigidanta.

Ɗan kwamfuta yakan yi wa wannan hali dariya, yana tutiyar cewa shi ba ya jiran zamani tun da yana iya sauya wa kwamfutarsa gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, sai dai ba ya son a yi lissafi a gabansa. Babbar gaɓar ita ce katin hoto, wato ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a allo, kuma katin RTX 4090 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2022 ya zo ne a kan dala 1,599, kuɗin PlayStation 5 guda uku har da canji. Da zarar sabon kati ya shiga, sai ya nemi a canza masa tukunyar wuta, wato ɓangaren da ke ba kwamfutar lantarki, daga nan allon ya zama bai dace da darajarsa ba, har dai a wayi gari ba abin da ya rage na asali sai kujera. Bayan duk wannan ɗawainiya, mai kayan yakan ƙarar da darensa yana ƙirga hotuna nawa allon ke nunawa a daƙiƙa guda, wasan kuwa sai wata rana.

A Najeriya akwai alƙali na uku da jam'iyyun biyu ba sa ja da hukuncinsa, wato NEPA mai ba da wutar lantarki, wadda aka sauya wa suna tun 2005 amma jama'a suka ƙi karɓar sabon sunan saboda halin bai sauya ba. Wancan kati shi kaɗai yana iya zuƙe wat 450, abin da ke sa ƙaramin janareta tari, don haka mai shi yakan mallaki hoto mafi kyau a unguwa na tsawon mintunan da aka kawo wuta.

Mutumin da ya fi kowa fahimtar mas'alar shi ne mai gidan gem, wato shagon da yara ke biyan kuɗi su buga wasa a lungunan Kano da Kaduna da Zariya. A wurinsa da tsohuwar zuma ake magani, kuma akwati ba ya tsufa sai ranar da mai gyara ya buɗe cikinsa, ya hura, ya girgiza kai. Benci biyu, talabijin uku da fad, wato madannin da ake riƙewa a hannu, wanda aka ɗaure da salatif, sun isa su tara samarin layi har bayan isha'i, ana rigimar wanda zai ɗauki Real Madrid.

Wasan da ake bugawa a nan kuwa shi ne dai wanda mai sabon akwati ya ci bashi domin ya buga a falonsa, ƙwallon ƙafar da aka sani da FIFA kafin a mayar da ita EA Sports FC a 2023. Bambancin da sabuwar na'urar ta kawo shi ne yanzu ana ganin gumi a goshin 'yan wasa da tsagar ciyawar fili sarai, ta yadda idan ƙaninsa ɗan shekara goma sha biyu ya zura masa huɗu ba ko ɗaya, yana ganin kowace ƙwallo tana shiga raga tangaran, kafin ya juya fad ɗin sama da ƙasa ya ce maɓallin harbi ne ya maƙale.