Ɓarauniyar da Ke Maƙale a Soket

Ana zargin cajar laftof da aka bari a soket da satar wuta cikin dare. Tana lasa kam, amma nawa? Dokokin da suka fara aiki a Amurka a 2016 da Tarayyar Turai a 2020 sun hana ta wuce wat 0.21 idan ba a jona mata komai ba. A shekara ba ta shan yunit 2, abin da dutsen guga mai wat 1,000 ke lanƙwamewa cikin awa biyu. Za a ce ai cajojin miliyoyi ne. Haka ne, sai dai duwatsun gugar ma ba ɗaya ba ne, kuma ba wanda ya kai su ƙara. Mai zare caja don kada wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona ta, shi kam yana da hujja.