Masu Haɗa Kwamfutar Fari, Kowa da Halinsa

Duk wanda ya ɗaura niyyar haɗa kwamfutar tebur da hannunsa, alhali kuɗinsa a ƙirge suke, abubuwa bakwai zai nema: firosesa, madabod, ram, ma'ajiya, fawa-fak, akwati, sai katin hoto in aljihu ya yarda. Babu mai wuyar samu a cikinsu. Titin Beirut a Kano, Banex a Abuja, Computer Village a Ikeja, ko'ina ka shiga za a zube maka su a gaba. Matsalar ita ce kayan nan kamar kishiyoyi suke: kowace tana iya zama ta kirki ita kaɗai, amma gida ɗaya za su zauna. Shi kuwa sabon shiga, guda ɗaya yake ƙyalla wa ido ya manta da sauran, kuma wanda ya ƙyalla wa idon shi ke tona irin mutumin da yake.

Akwai Malam Sai-i7. Tambayarsa ɗaya ce tak a duniya: "i7 ne?" In an ce e, ya zaro kuɗi. Ba ya tambayar na wane zamani, don bai san firosesa ma yana tsufa ba. Za a miƙa masa i7-3770 na shekarar 2012, ya rungume yana murmushi, ya wuce i3-12100 na 2022 yana yi masa kallon yaro, alhali yaron nan zai tsere wa dattijon nasa ba tare da ya yi gumi ba. Sai ya isa gida ya tarar dattijon soket LGA1155 yake zama, madabod ɗin da ya saya kuwa LGA1700 ce. Daga baya kuma ya ji cewa Windows 11 a ƙa'ida daga zamani na 8 na Intel ta fara karɓar baƙi, ita kuma Windows 10 an janye mata tallafi tun Oktoban 2025. A gaskiya ba na ganin laifinsa duka, domin Intel ma ta taɓa ɗana tarko: soket LGA1151 iri biyu ne, firosesan zamani na 8 zai zauna daram a madabod ɗin zamani na 6, amma ko tari ba zai yi ba.

Maƙwabcinsa shi ne Ƙarfi-Ya-Fi-Dabara. Shi a wurinsa duk abin da ya ƙi shiga, raini ne. Ram ɗin DDR4 da na DDR5 tsayinsu ɗaya, ƙafafu 288 kowannensu, amma an kauda tsagar tsakiya da gangan don kada wani ya saka wannan a gurbin wancan. Masu ƙera kayan ba su san da zaman mutumin nan ba. Zai juya ram ɗin, ya sake juyawa, ya danna da babban yatsa, ya ce, "Ai sabon abu dama sai da ɗan taurin kai." Da ya duba kwalin da ya ga an rubuta: madabod ɗin AM5 ba ta cin komai sai DDR5, ta AM4 sai DDR4, ta LGA1700 kuwa ya danganta, wata wannan wata wancan, kwalin ne ke faɗa. Ranar da ya lanƙwashe ƙafafun firosesan Ryzen, za ka same shi a ƙofar gida da allura da tocilan, yana miƙar da su ɗaya bayan ɗaya, yana salati.

Amma wanda ya fi ba ni tausayi, kuma ya fi yawa, shi ne Alhaji Canji. Ya yi lissafi mai kyau: firosesa daidai, madabod daidai, ram biyu masu giga 8 don su yi aiki kafaɗa da kafaɗa maimakon guda mai 16, SSD a maimakon tsohon faifai mai gurnani. Sai da ya zo kan fawa-fak ya leƙa aljihu, ya ce wa mai shago, "Maigida, ba ni na canjin nan kawai, ai wuta ce wuta." Aka ɗauko masa wani gwangwani marar suna, an liƙa masa takarda mai cewa wat 650, in ka ɗaga shi ka rantse babu komai a ciki. Wannan gwangwanin shi zai tsaya tsakanin dukiyarsa da wutar Nepa, wadda ke zuwa ba sallama ta tafi ba bankwana, da kuma janaretan da maƙwabci ya ja masa waya. Fawa-fak na kirki in zai mutu shi kaɗai yake tafiya. Na canji kuwa yakan ja madabod su tafi tare. Akwai ma wata ƙaramar fitina da 'yan gwanjo suka sani: tsofaffin fawa-fak da ke zuwa daga Amurka wasu suna da ɗan jan makunni a baya, 115 ko 230. Wutarmu 230 ce. Wanda ya jona bai duba ba zai ji ƙara sau ɗaya, sannan ƙauri. Alhaji Canji ba ya sayen UPS, ba ya sayen sitabilaiza. Yana cewa sai wata mai zuwa, kuma ba ya faɗin na wace shekara.

Ɗan Ƙyale-ƙyale ba ya buƙatar dogon bayani. Rabin kuɗinsa ya tafi a akwati mai gilashi da fanka shida masu canza launi, a ciki kuwa giga 4 ne ke numfashi da ƙyar. Hunturu ɗaya ƙura za ta mayar da duk launukan ruwan ƙasa.

Sai Bawan Allah Mai Baƙin Allo. Ya haɗa komai tsaf, fanka na juyawa, allo shiru. Ya sayi i5-12400F ne don ya ga ya fi arha, bai san harafin F ɗin nan yana nufin babu sashen hoto a cikinsa ba, dole sai da katin hoto. A ɓangaren AMD lamarin a juye yake a zamanin AM4: Ryzen 5 5600 ba ya nuna hoto, 5600G mai harafin G ne ke nunawa, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi wannan G ɗin rahama ce. Wani kuma ya sayi tsohuwar madabod B450 da ta daɗe a kanta, ya ɗora mata Ryzen na jerin 5000, ta ce ba ta san shi ba sai an sabunta mata BIOS. In ba ta da maɓallin sabuntawa na musamman, sai an aro tsohon firosesa an yi mata. Wato sai kana da kwamfuta mai aiki kafin ka samu kwamfuta mai aiki. Ƙanensa kuwa yana da katin hoto sabo fil, amma ya jona wayar allo a jikin madabod, ya yi wata shida yana zagin katin.

Ɗan Gwanjo shi na fi girmamawa, don ya fi kowa lissafi. Ya sayi tsohuwar Dell OptiPlex da wani ofishi a Turai ya sallama, ya ƙara ram, ya sa SSD, da kuɗi kaɗan ya samu abin aiki. Da ya tsaya nan da ya ci riba. Sai shaiɗan ya raɗa masa katin hoto na wasanni. Nan ya gane akwatin siriri ne, sai gajeren kati; fawa-fak ɗin ƙarami ne, kuma a yawancinsu filoginsa na gidansu ne, ba mai ƙafa 24 da kowa ya sani ba. Ramin kati na madabod wat 75 kawai yake bayarwa, duk katin da ya fi haka ci sai an ja masa waya ta daban, wayar kuma babu ita. Ƙarshenta za ka ga kwamfutarsa a buɗe, kati ya leƙo waje, wani fawa-fak na biyu na zaune a gefe a kan kwali.

Malam Bari-Dala-Ta-Sauka kuwa bai sayi ko ƙusa ɗaya ba. Yana da jerin kaya a wayarsa, ya gwada su a shafin PCPartPicker sun dace, ya san kowane soket da ranar haihuwarsa. Shi ke ba kowa shawara a majalisa. Jerin nasa ya sauya sau uku, don duk lokacin da ya kusa saye sai sabon zamani ya fito.

Dukkansu, ban da na ƙarshen, a benci ɗaya suke haɗuwa: gaban Injiniya, wani matashi mai sukundireba a bayan kunne. Kowa ya rungumo akwatinsa, kowa da bayani iri ɗaya: "Injiniya, wallahi ban taɓa komai ba." Ba ya musu. Zai cire abin sanyaya firosesa, ya ɓare ledar da aka manta a ƙasansa, wadda aka rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe cewa a cire kafin a ɗora. Na gaba kuma ya zagaya bayan akwatin, ya danna makunnin fawa-fak daga 0 zuwa 1, kwamfuta ta tashi. Mai ita ya ce, "To ai ba ka yi komai ba." Injiniya ya ce, "Haka ne, yallaɓai. Kuɗin dubawa kawai za ka bayar."