An Tare Mu a Hanyar Dakota

Zuwa ga bawana, kuma taubashina,

Ka zauna da kyau kafin ka ci gaba da karatu: an tare mu a hanya.

Kada ka fara haɗa kuɗin fansa, don na san ko an nema ba ka da su.

Daga birnin Omaha a nan Amurka muka ɗauki hanya, muka keta jihar Nebraska. Masara dama, masara hagu, har inda ido ya ƙare, amma ba ka ganin mutum ko ɗaya da fartanya. Wani dogon bututu mai tayoyi ke zagaye gonar yana feshin ruwa shi kaɗai. Sai ka yi tafiyar Tsafe zuwa Gusau ba ka ga mai rake ko mai balangu ba. Yunwa ta ci ni a tsakiyar abinci.

A Dakota ta Kudu, cikin gandun dajin Custer, aka yi mana tarar. Motoci suka tsaya cak. Ni da na saba da hanyar Funtua, tuni na cusa waya cikin safa ina salati. Ashe ɓauna ce! Garke guda, ga gemu, ga tozo, ga gashi buzu-buzu, namijin ya kai kilo 900. Wani ya zo ya kwanta a tsakiyar kwalta yana tuƙa, Turawa kuwa sai ɗaukar hoto suke, ba mai ko danna oda. Sun fi 1,000 a dajin nan, babu makiyayi, babu sanda. An ce a da miliyoyi ne a ƙasar nan, aka harbe su har saura 'yan ɗaruruwa kafin 1890. Yanzu an yi nadama, tun 2016 ma aka ba su sarautar dabbar ƙasa, shi ya sa suke wannan isa.

Muna kuɓuta sai ga 'yan uwanka. Jakuna ne, ba mangala ba akumari, sana'arsu bara. Ɗaya ya zuro kai ta taga har wuya, ya lashe biskit ɗina, ya tsaya jiran ƙari. Wallahi da na dubi idonsa sai kewarka ta kama ni.

Mun kuma leƙa dutsen Rushmore, inda aka sassaƙa kawunan shugabanni 4 tsakanin 1927 da 1941. Aiki ya yi kyau, sai dai ƙasar ƙabilar Lakota ce aka ƙwace. Kuma in ba don kawunan ba, ban ga abin da zai nuna wa Kwatarkwashi ba. Kada dai ka faɗa wa 'yan siyasarmu, su je su ɓata mana dutse.

Ka ce wa Inna daddawa ta ƙare. Kuɗin shara kuwa, jakin nan ya riga ya karɓa a madadinka.

Ubangidanka na Amurka.