Kamu Ɗaya na Lungu

A wata unguwa da ke maƙwabtaka da 'Yan Awaki a Kano, wajejen ƙarshen shekarun 1970, an yi wani dattijo mai gyaran agogo da rediyo. Sunansa na yanka ya ɓace a bakin jama'a, Baba mai agogo kowa ke ce masa. Teburinsa na ƙofar gida ƙarƙashin rumfar kwano, da akwatin gilashi cike da agogunan da masu su suka kawo gyara suka manta.

Samarin unguwa ɗan mazan jiya suke kiransa, kuma ba su yi masa ƙage ba. Ba ya son sinima, ba ya son wando mai faɗin ƙafa, ba ya son yaro ya gaishe shi a tsaye. Duk sabon abu sai ya juya shi ya duba bayansa tukuna. Da PRP ta share Kano a zaɓen 1979, gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, unguwa ta kwana tana kiɗa. Baba ya ce shi ma ya ji daɗin kuɗinsa da suka tsira, amma takardar harajin nan da ita mai unguwa ke sanin mazan da ke kwana a kowane gida, to da me aka maye gurbinta? Ɗan ƙaninsa da ya riƙa tun yana yaye, wanda a lokacin malamin firamare ne kuma ɗan ga-ni-kashe-nin jam'iyya, ya ce, "Baba, da wannan takardar fa aka riƙa shanya iyayenmu a rana." Yaron ya faɗi gaskiya, Baba ma bai musa ba. Ya dai maimaita tambayarsa, ba a ba shi amsa ba.

Sai dai duk taurin kan nan, ba a taɓa jin kansa da maƙwabci ba. Shi Baƙadire ne, yana sakin hannu a salla. Na damansa a sahu Batijjane ne mai kabalu, kuma lokacin da wannan saɓani ke raba masallatai a wasu wurare su biyun kwano ɗaya suke ci. Da Izala ta kafu a Jos a 1978, wa'azinta ya iso, wani yaron gidan ya shiga, Baba ya ce a bar shi, karatu ne zai ƙaru. Akwai wani Inyamuri mai sayar da kayan keke da ya dawo Sabon Gari bayan yaƙin basasa, a wurin Baba yake ajiye cinikinsa in zai yi tafiya. Bayan gidan akwai gidan magajiya inda garaya ke tashi daren Juma'a. Baba bai taɓa taka wurin ba, bai kuma taɓa kai ƙara ba. In an zuga shi sai ya ce, "A cikin gidanta take yi."

Haka ya ɗauki malamin 'Yan Awaki. Muhammadu Marwa ba baƙo ba ne ga dattawan Kano. Sun san a 1962, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, an ɗaure shi an mayar da shi Kamaru, sun kuma san ya dawo bayan 'yan shekaru ya sake kafa zaure. Wa'azinsa tsinuwa ce ga mai ɗaura agogo, da mai sauraren rediyo, da mai hawa keke, har ta kai ba a kiransa sai Maitatsine. Wato kullum garin Allah ya waye sana'ar Baba ake tsine wa, gardawa kuma in sun zo wucewa ta gaban tebur sai su tofar da yawu. Mutane na jira su ga dattijo ya harzuƙa. Shiru. Almajiran ma in sun yi bara a ƙofarsa da daddare, tuwo ake zuba musu kamar na kowa.

Ranar da aka ga Baba ya rufe akwati tun hantsi, ya sa babbar riga, ya nufi gidan mai unguwa, abin da ya kai shi bai taka kara ya karya ba a idon jama'a. Gardawa ne suka ja katangar laka ta bayan wani kango da suke kwana, ta shigo lungu da kamu ɗaya, ta hau kan kwatar da ke kai ruwan unguwa Jakara.

Mai unguwa sa'ansa ne, tare suka yi makarantar allo. Ya saurara, sannan ya yi dariya. "Haba Malam. Shekara nawa ana tsine wa abincinka ba ka ce uffan ba, sai yau saboda kamu ɗaya?"

"Ranka ya daɗe, bakinsa nasa ne, tsakaninsa da Allah. Lungun nan na marayu ne da makafi da masu ɗaukar gawa."

Mai unguwa ya daina dariya. Ya ce a da can da magana ɗaya ta isa: ya gaya wa hakimi, a turo ɗan doka, kafin la'asar katanga ta koma inda ta fito. Amma tun ƙarshen shekarun 1960 soja suka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe abin da ya rage. "Rawani kawai aka bar mini. Je ka sakatariya."

Ya je. A sakatariya aka ce maganar fili ce, ta hukumar tsara birni. A can aka ce maganar addini ce, ba sa shiga. Wurin 'yan sanda wani kofur ya ja shi gefe, ya ce shi ma iyali ne da shi. Baba ya dawo gida da ƙura har gwiwa, samari na ƙus-ƙus wai tsoho ya rasa aikin yi.

Kafin damina katanga ta ƙara kamu biyu. Sannan aka kafa rumfa a filin da yara ke wasa. Ruwan farko da ya sauka ya rasa hanya, ya shiga ɗakuna, garu biyu suka zube. Sai ga wata tsohuwa mai ƙosai, wadda gidanta ke manne da kangon, an aiko mata cewa Malam na bukatar wurin don almajirai, ta faɗi kuɗi ko ta tashi ba kuɗi. A kan wannan ne aka kira taron unguwa a zauren mai unguwa bayan lisha.

Akwai wani Alhaji, ɗan unguwar ne amma arziƙin Kantin Kwari ya mayar da shi Nasarawa, inda kwata ba ta toshewa. Shi ya fara magana, da yake mai kuɗi ba ya jiran a ba shi dama. Ya ce malamai ba a ja da su, a yi haƙuri, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Kowa a zauren ya san duk wata direbansa na sauke buhun gero a wancan zauren, ana kuma raɗe-raɗin abin da ake ba shi a madadi, amma ba wanda ya ɗaga kai. Ɗan Baba ya tashi bayansa, ya yi jawabi mai kyau ƙwarai. Ya ce yaran nan 'ya'yan talakawa ne, farin 1973 ya koro iyayensu daga ƙauye, kuɗin fetur ya cika birni da motoci ya bar su da ƙoƙon bara; wanda zai kira musu 'yan sanda yana yi wa masu mulkin danniya aiki ne. Aka tafa masa.

Baba ya ce, "Ɗan nan, duk abin da ka faɗa haka yake. Shi ya sa nake zuba musu tuwo. Amma tsohuwar nan 'yar wane attajiri ce?"

Ya juya wajen Alhaji. "Alhaji, haƙurin nan da kake rabawa, daga aljihun wa za a ciro shi? Ni in na yafe tsinuwar da aka yi mini, nawa na yafe. Gidan baiwar Allah nan ba naka ba ne, ba nawa ba, da za mu yi kyauta da shi."

Aka ce dattijo ya cika zafi. Aka kafa kwamiti na mutum biyar da zai je ya gana da Malam cikin hikima. Kwamitin ya zauna, ya zaɓi shugaba da ma'aji, ya tara kuɗin goro. Zuwa ne dai ba a yi ba. Tsohuwa ta kwashe kaskonta ta koma wurin 'yarta a Kurna.

Labari nake bayarwa na shekara arba'in da wani abu da suka wuce, don haka shugabannin kwamitocin unguwanni na yau su kwantar da hankalinsu. Mai kaza a aljihu ne kawai ba ya jimirin as.

Daga nan abin ya daina tafiya da kamu. Lungun ya zama sai da izini ake bin sa. Wanda ya ratsa da agogo a hannu ana iya tsare shi, mata suka koma zagaye mai nisa in za su kasuwa. Masu cewa a yi haƙuri suka fara sayar da gidajensu a ɓoye, da araha. A ƙarshen Nuwamban 1980 gwamnati ta aika wa Malam takarda da wa'adin mako biyu ya rushe gine-ginen da ya yi ba bisa ƙa'ida ba. Baba da ya ji sai ya ce yanzu kuma ai katangar ta yi ƙarfin da takarda ba ta ture ta. Ranar 18 ga Disamba aka yi arangama da 'yan sanda a filin Shahuci, wuta ta kama. Kwana goma sha ɗaya ana abu ɗaya, sai da gwamnatin Shehu Shagari ta turo soja da manyan bindigogi. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu, Malam na cikinsu. Baba ya fita da iyalinsa da akwatin agogunan mutane a ka. Batijjanen nan abokin cin tuwonsa bai fita ba.

Da ƙura ta fara lafawa sai gari ya juye. Duk yaron da aka gani da allo da tsumma abin zargi ne, kuma an rasa rayukan da ba su ji ba ba su gani ba. Wata safiya, kwana kaɗan da komawar Baba gidansa da ya rasa rufin ɗaki biyu, wani almajiri da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya faɗo zaurensa a guje, ayari na biye da gora da adda. Almajirin wani malami ne na daban, Baba ya san shi, shi ke yi wa matarsa cefane. A bayan ayarin, cikin mota, ga Alhaji ya leƙo da kai yana cewa a gama da su duka, irinsu ba abin tausayi ba ne, shi dama ya daɗe yana faɗa.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan kowane dogari. Ya ce yaron nan bai ja katangar kowa ba, bai kori tsohuwar kowa ba. Wanda ke da shaida a kansa ya zo su tafi gaban alƙali tare, yanzu. Wanda ba shi da ita ya sauka daga dakalinsa. Wani ya ɗaga murya ya ce ashe tsohon ma nasu ne. Baba ya kira shi da sunan ubansa, ya tambaye shi ina yake daren taron zauren mai unguwa, da me ya ce. Ayarin ya tsaya cirko-cirko, sannan aka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Motar Alhaji ta riga kowa.

Abin bai ƙare a Kano ba. A Oktoban 1982 ragowar mabiyan suka tashi a Bulunkutu ta Maiduguri, Baba ya ji labarin a wata rediyo da yake gwadawa bayan ya sauya mata waya. A lokacin ɗansa ya bar koyarwa, ya zama babba a siyasar mazaɓa, ya yi mota, ya yi tumbi. Zaɓen 1983 na matsowa sai wasu samari kimanin ashirin suka tare a ajin ƙarshe na firamaren da ya taɓa koyarwa. Da rana su bi ayarin kamfe da sanduna, da dare hayaƙi ya tashi. Hedimasta ya haɗe aji biyu wuri ɗaya ya ba su wuri. Ba a jima ba suka sa benci a bakin lungu, mai shayi ya fara ba su kyauta ba don yana so ba, 'yan mata masu talla suka sauya hanya.

Ɗan ya zo gaisuwa ranar wata Juma'a, ya durƙusa yadda aka koya masa, ya miƙa agogonsa Seiko a duba masa. Baba ya sa gilashi a ido, ya buɗe bayan agogon, bai ɗago ba ya ce, "Ajin nan na 'ya'yan mutane ne."

"Baba, yaranmu ne. Marasa aikin yi ne, in ba mu riƙe su ba 'yan hamayya za su ɗauke su. A yi haƙuri har a gama zaɓe."

"Haƙurin wa?"

Ɗan ya yi murmushi, ya ajiye naira ashirin a kan tebur, ya ce zai aiko direba ya karɓi agogon.

Washegari Baba ya rufe akwati tun hantsi, ya sa babbar riga. A ƙofar gidan mai unguwa ya tarar da ɗaya daga cikin samarin zaune kan sabuwar kujera, da hular jam'iyya, da gora a kan cinya. Yaron bai tashi ba. Ya ce mai unguwa na barci, in saƙo ne a ba shi.