Ire-iren Masu Sikirinshot a Majalisarmu ta Jiddari Polo

Majalisarmu a Jiddari Polo ba ta da shugaba. Benci biyu ne da tabarma ɗaya a inuwar darbejiya, sai mai shayin da ya san bashin kowa. A da idan gardama ta kaure, akan ce mutum ya rantse, ko a aika a kira wanda aka yi abin a gabansa. Yanzu ba mai neman rantsuwar kowa. Da ka buɗe baki ka ce wane ya ce kaza, sai ka ji an jefo maka tambaya: "Kana da sikirinshot?" In ba ka da shi, ka ja kofinka ka yi shiru.

Muna cikin wannan hali sai ga waya mai naɗewa ta shigo unguwa. A rufe siririya ce kamar kowace waya, in an buɗe ta kuwa sai ta baje kamar allon almajiri. Samsung ne ya fara cika duniya da labarinta a 2019, da wadda ya kira Galaxy Fold, a kan dala 1,980. A watan Afrilu aka so fitar da ita, amma aka ɗaga zuwa Satumba, saboda wasu daga cikin waɗanda aka bai wa gwaji sun ɓare wata 'yar fata da ke kan gilashin, a zatonsu leda ce, wayar kuwa ta lalace. Da a Maiduguri aka yi gwajin da ba a samu wannan matsala ba. Mu da muke shekara uku ba mu cire ledar kujerar mota ba. Daga baya Tecno ya fito da tasa, Phantom V Fold, a 2023, kuɗin ya ɗan sauko, ga kuma na hannu da ake samu a Kasuwar Jagwal. To tun daga nan na zauna ina kallon yadda mutane ke ɗaukar hoton fuskar wannan waya, na ga ashe halin kowa a nan yake fitowa.

A fara da Alhaji, don girmansa. Shi bai taɓa ɗaukar sikirinshot da niyya ba, bai ma san sunan abin ba, amma duk majalisar ba wanda ya kai shi yawansu. Dalili kuwa, maɓallin kunna waya da na rage ƙara a gefe ɗaya suke, kuma danna su tare shi ne ɗaukar hoton. Alhaji kuwa in zai buɗe wayar kama ta yake yi da ƙarfi, kamar mai ɓare goro. Kowace buɗewa sai ka ji ƙyas, fuskar ta yi walƙiya. Ya ce shi ya ɗauka gaisuwa ce wayar ke yi masa. Ranar da ɗansa ya duba, ya tarar da ɗaruruwan hotuna iri ɗaya: hoton Ka'aba da agogo, ba abin da ke canzawa sai lokaci da cajin batir. Yaron ya ce, "Baba, in goge?" Alhaji ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa zanna bukar, ya ce, "Bar su. Abin da ba ka san amfaninsa ba ba ka zubarwa."

Kusa da shi akwai mai shafa. Wani yaro ya koya masa cewa a Samsung in ka goga gefen tafin hannunka daga wannan ɓangaren allo zuwa wancan, hoto zai ɗauku. Gaskiya ne, amma sai hannu ya saba. Shi kuwa sau bakwai yake shafawa kafin ta kama sau ɗaya, kuma allon da faɗi, sai ya zama yana kai hannu yana kawowa a hankali, fuska a natse. Wani baƙo da ya zo ta'aziyya unguwar ya taɓa tsayawa a bayansa ya ce amin. Masu Tecno suna yi masa dariya, wai su yatsa uku kawai suke ja ƙasa, kamar mai lakatar miya.

Sai ɗan burga, wanda ba abin da ke cikin hoton ne ya dame shi ba, siffar hoton ce. Sikirinshot na waya ta yau da kullum dogo ne siriri. Na babban allon mai naɗewa kuwa kusan murabba'i yake fitowa, kowa ya gani ya san daga inda ya fito. Don haka ko lokacin sallah ka tambaye shi a WhatsApp, ba zai rubuta maka ba. Sai ya buɗe wayar gaba ɗaya, ya ɗauko maka allon, ya turo. Baƙin cikinsa ɗaya ne a duniya: layin nan na tsakiya, inda wayar ke lanƙwashewa, ba ya fitowa a hoton. Ya zo ya same ni da ƙorafi, na ce masa ai layin a jikin gilashi yake, ita kuwa wayar abin da ta zana take ɗauka, ba ta san da shi ba. Bai gamsu ba. Yanzu ƙaramar wayarsa yake ɗaukowa ya ɗauki hoton babbar, a lanƙwashe rabi a kan tebur, da makullin mota a gefe kamar da kansa ya zo ya kwanta a wurin.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne mai raba allo. A nan zan ɗan daɗe, don akwai abin faɗa.

Babban abin da ake yabon wannan waya da shi shi ne tana buɗe manhaja biyu, har uku, a lokaci guda, kowace da ɓangarenta. Abin da ba a gaya wa mai saye ba, in ya danna maɓallan nan biyu, duk abin da ke kan allon ake kwashewa, ba ɓangaren da idonsa ke kai kawai ba. Akwai alamar yankewa da ke fitowa a ƙasa na ɗan lokaci bayan an ɗauka, amma mai gaggawa ba ya ganin ta. To muna da wani abokin zama, kullum bakinsa "wallahi gari ya yi zafi, ko na cefane ban bari ba." Aka tashi karo-karon bikin wani ƙaninmu, har da kuɗin daren wushe-wushe, aka ce kowa ya tura abin da ya sawwaƙa ya sa shaida a guruf. Mutumin ya tura dubu biyu, ya ɗauki hoton, ya sa, har da rubuta "a yi haƙuri da kaɗan." A hagu dai ga shaidar dubu biyu. A dama kuwa ga wata manhajar kuɗin a buɗe, da abin da ya rage a asusu, lambobi a jere har sai da mai shayi ya sa yatsa yana ƙirga sifili. Ba a nan abin ya tsaya ba. A can ƙasan allon irin wannan waya akwai layin da ke nuna manhajojin da mutum ya buɗe kwanan nan, kuma a cikinsu har da ta cacar ƙwallo. Shi kuwa shi ne mai yi wa samarin unguwa wa'azi a kan caca.

Ya goge cikin minti ɗaya. WhatsApp ya kawo damar goge saƙo ga kowa tun 2017, kuma mutane da yawa sun ɗauka wannan ya rufa musu asiri. Sun manta da Hajiya.

Kowane dangi yana da irin wannan Hajiyar, kowane adashi ma haka. Ba ta magana a guruf sai "amin" da "Allah ya sanya alheri." Amma saƙo ba ya cika daƙiƙa biyar bai shiga taskarta ba. Ta ware wa hotunan jaka-jaka, na kishiya daban, na surukai daban, na 'yan adashi daban. Wayarta irin 'yar ƙaramar nan ce da ke naɗewa kamar madubin kwalliya, tana ɓacewa cikin lafaya. Ba ta fito da shaida ranar da aka yi abu. Sai bayan shekara biyu, ana tsakiyar sulhu, an kusa shafa fatiha, ta ce, "Yaya, ba don in katse ki ba," sai ka ji ƙaf, ta buɗe. Da WhatsApp ya kawo hoton da ake kallo sau ɗaya a 2021, daga baya kuma ya hana ɗaukar sikirinshot ɗinsa, wasu sun yi murna an gama da ita. Ita ko a jikinta. Ta ajiye wayar jikarta kusa, in irin wannan saƙon ya shigo sai ta buɗe da wannan ta ɗauka da waccan. Wani lauya da ke zama da mu jefi-jefi ya taɓa gaya mata cewa a kotu ba haka kawai ake karɓar irin wannan ba, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa, har da takardar da ke bayanin na'urar da abin ya fito. Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka kotu za ni?"

Akwai kuma mai risit. Shi wannan tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya samu sana'a, lokacin da ko ƙosai za ka saya sai da tiransifa. Yakan tsaya gaban mai shago ya buɗe wayar a hankali, yadda kowa zai gani, ya nuna koren risit da ya cika allo. Lissafinsa shi ne ba wanda zai zargi mai irin wannan waya da cin kuɗin taliya. Da farko ya ci nasara. Yanzu kuwa yaran POS sun waye, ko wayar nan ta Huawei mai ninki uku da ta fito a 2024 ka buɗe musu, amsa ɗaya ce: "Yallaɓai, sai na ga alat." Sai ya koma zargin netwok.

Mai dogon zango ba shi da mugunta, wahalar da mutane kawai yake yi. Ya gano alamar da in kana danna ta hoton ke ci gaba da gangarawa ƙasa, sai ya ɗauko maka hirar wata guda a hoto ɗaya, tsawonsa kamar rawanin dogari. In ya iso wayarka sai ka ga wani siririn zare, ba harafi ɗaya da ke karantuwa. Ka ce ya gaya maka abin da ke ciki, ya ce ai komai na nan.

Shi kuma mai tari ba ya zubar da komai. Lambar asusun wanda ya biya tun bara, farashin buhun gero na shekara uku da suka wuce, maganin basir, hular da ya so saye, addu'ar da aka ce a tura wa mutum goma. Duk yana cewa zai koma ya duba, bai taɓa komawa ba. A Samsung kuma hotunan sukan sauka wuri ɗaya da na kyamara, Google Photos ya kwashe su tare ya kai ma'ajiyar intanet, har gigabait 15 ɗin da ake bayarwa kyauta su cika, wasiƙun Gmail su daina shigowa. Sai ya hau Keke Napep ya nufi Jagwal, wai wayar ta yi nauyi. Mai gyara ya goge masa hotuna dubu uku ya karɓi kuɗin aiki. Bai gaya masa cewa suna nan a kwandon shara na kwana 30 ba. Matarsa ce ta san wannan.

Na daɗe ina yi wa mai tari dariya, amma na rage. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gari a ranar 10 ga Satumba 2024, takardun mutane da yawa sun tafi, wasu sun jiƙe sun manne. Ƙanwarsa na cikin waɗanda suka fito da kayan jikinsu kawai. Da hankali ya kwanta aka fara neman lambar katin ɗan ƙasa da takardun makarantar 'ya'yanta, sai ga su a wayarsa, tsakanin farashin gero da maganin basir. Kwana biyu ya yi yana nema, amma ya samo. Tun daga ranar in aka ce ya goge wani abu, kallon mutum kawai yake yi.

Ni kuwa wayata ba ta naɗewa, sai dai in mota ta taka ta. Gilashinta ya tsage tun bara, kuma ƙurar hunturun garin nan da ke sa masu naɗewa suna hure maƙogwaron wayarsu safe da yamma ba ta dame ni ba. Ni ake miƙo wa waya a ce "Malam, duba mini," shi ya sa na san duk abin da na faɗa. Ba zan ce hannuna tsarkakakke ba ne. Ranar karo-karon nan, Hajiya ba ita kaɗai ta riga shi ba.

Saboda haka, abokina mai raba allo, na san za ka karanta wannan, a ɓangaren hagu ko na dama. Dubu goma sha biyar ɗin da ka karɓa a hannuna ana gobe babbar sallah, ka ce zuwa Juma'a, har yau ban ga alat ba. Kada ka ce mini gari ya yi zafi, na ƙirga sifilin nan tare da mai shayi.